Yoyon Baƙin Mai ta Bayan Ƙaramin Sifiroket na Babur: Yadda Ake Gane Shi da Yadda Ake Canza Oyilsil

Babur ya zama jakin manomi na wannan zamani. Shi ke kai taki gona, shi ke kwaso amfani, shi ke kai kaya kasuwa, shi ne kuma ke kai marar lafiya asibiti cikin dare. To, a zagayen da muke yi ƙauyuka akwai wata matsala da muke yawan gani a baburan manoma, masu su kuwa ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Sai ka ga gefen hagu na injin, daidai inda sarƙa ta shiga, ya jiƙe da baƙin mai, ƙura ta bi ta danƙare a kai. In an kwana da babur ɗin a zaure, da safe a tarar da ɗigo biyu ko uku a ƙasa.

Galibi abin da ke jawo wannan shi ne wata ’yar roba mai araha da kanikawa ke kira oyilsil. Canza ta ba wani babban aiki ba ne, mai ɗan sanin hannu zai iya yi a gida cikin awa ɗaya zuwa biyu. Amma a riƙe wannan tun daga farko: oyilsil ba ya cika mutuwa haka kawai, akwai abin da ke kashe shi. In aka sa sabo ba a gano wannan abin ba, ba a jima za a koma gidan jiya.

Mene ne wannan oyilsil, kuma ina yake?

A cikin injin akwai akwatin giya. Ƙarfin injin yana bi ta giya ya fito waje ta wata sandar ƙarfe mai juyawa, wato shaf. A bakin wannan shaf ake ɗaura ƙaramin faranti mai haƙora, ƙaramin sifiroket, wanda ke jan sarƙa, ita kuma sarƙa ta juya babban sifiroket na tayar baya. A kusan duk baburan da muke hawa, wannan wuri yana gefen hagu ne, ƙarƙashin wani murfi, kusa da ƙafar giya.

Tunda shaf ɗin ya ratso jikin injin ya fito, dole a toshe kewayen ramin don kada mai ya zubo, kada kuma ƙasa ta shiga. Aikin oyilsil kenan. Zobe ne na ƙarfe da aka lulluɓe da roba. Ta cikinsa akwai leɓe mai laushi da ke rungumar shaf, da wani siririn sifirin da ke matse leɓen. Can bayansa kuma akwai boris ɗin da shaf ke juyawa a kai.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata a sani. A ƙananan baburan aiki irin su Bajaj Boxer, Honda CG125 da roba-roba, yawanci leɓen yana gogar shaf ɗin ne kai tsaye. A yawancin dogayen baburan da aka ƙera don hanya marar kyau kuwa, akwai wani zoben ƙarfe da ake zura wa shaf a bayan sifiroket, wanda kanikawa ke ce wa bush. Leɓen oyilsil a kan bush ɗin yake gudu, kuma a ƙarƙashin bush ɗin akwai siririn zoben roba. Wani lokaci oyilsil ɗin lafiyarsa ƙalau, wannan siririn zoben ne ya tsinke.

Me zai faru in an ƙyale shi?

Da yayyafi kogi kan cika, da ɗigo kuma injin kan bushe. Baƙin man da ƙaramin babur ke ɗauka gaba ɗaya kusan lita ɗaya ne, kuma a irin su Boxer da CG125 wannan man shi ke hidimar fistin, da giya, da kuloci duka. Ɗigon da ake gani a zaure kaɗan ne daga abin da ke zuba, domin yoyon ya fi ƙarfi lokacin da injin ya yi zafi ana tafiya, mai ya tsinke. Ranar da man ya yi ƙasa ba a lura ba, injin zai buga, kuma kuɗin sauke inji ya ninka na oyilsil sau da yawa. Abin haushin ma, ya fi faruwa da kaka, lokacin da babur ba ya hutawa kuma ba a iya rabuwa da shi ko na kwana ɗaya.

A babura masu hayaƙi, irin masu ƙona wani mai na daban tare da fetur kamar Yamaha AG100 da DT125, man giya daban yake. Nan injin zai ci gaba da tashi lafiya alhali giya tana bushewa, sai an ji ta fara ƙara ko ta ƙi shiga.

Sannan man da ke zuba sarƙa tana watsa shi baya. In ya taɓa taya, santsi ne a kan kwana. In ya haɗu da rairayi, ya zama kamar abin wasa wuƙa, ya cinye sarƙa da sifiroket biyun kafin lokacinsu.

A fara tabbatar da inda man ke fitowa

Ba duk jiƙewar wannan wuri ce laifin oyilsil na sifiroket ba. Yana iya zama:

- man da aka labta wa sarƙa ya yi yawa, ya taru a cikin murfi yana ɗiga;
- ƙaramin oyilsil na sandar ƙafar giya, wanda ke ƙasa kaɗan;
- wurin da wayar fitilar firi ta shiga jikin injin;
- gaskit na tsakiyar injin ko na murfin gefe;
- tsagewar jikin injin, musamman in sarƙa ta taɓa tsinkewa ko gocewa ta daki wurin.

Ga yadda za a gane. A kashe injin, a cire murfin sifiroket, a kankare datti, a wanke wurin tas da kananzir da tsohon buroshi, a goge ya bushe. A barbaɗa ’yar toka mai laushi ko hoda a kewayen. A mayar da murfi a ɗan zaga na minti goma, a dawo a kashe, a sake buɗewa. Inda toka ta fara jiƙewa daga sama, nan ne tushen. In layin man ya taso ne daga bayan sifiroket ya gangaro, to oyilsil ne ko zoben robar bush.

Gargaɗi: kada a kuskura a kai hannu ko tsumma kusa da sarƙa injin yana aiki. Mutane sun rasa yatsu a nan.

Abubuwan da ke kashe shi

1. Ɗaure sarƙa tamau. Wannan shi ne babban mai laifi a baburan manoma. Idan aka ɗora kaya shakazoba ta nutse, sarƙa tana ƙara miƙewa. Sarƙar da aka ɗaure tamau babur yana wayam, in aka ɗora buhun masara da mutum, sai ta riƙa fizgar shaf ɗin baya da ƙarfi. Boris ya gaji, shaf ya fara lilo, leɓen oyilsil ya buɗe.
2. Ciyawa, igiyar buhu, leda da zare. Suna naɗewa a bayan sifiroket, su shige ƙarƙashin leɓen su yanka shi. Mai ratsa gona da yabanya ko harawa ya fi kowa gamuwa da wannan.
3. Laka da rairayi. Suna taruwa su riƙa gogar leɓe da ƙarfen har su yi masa zane.
4. Baƙin mai ya wuce ƙa’ida, ko tiyon da injin ke numfashi ta cikinsa ya toshe ko ya lanƙwashe. Iska ta rasa mafita, sai ta turo mai ta wurin da ya fi rauni.
5. Notin sifiroket ya saki. A babura masu bush, matsin notin ne ke danne bush a kan zoben roba. Da ya saki, mai ya sami hanya.
6. Tsufa. Zafi da shekaru suna busar da roba ta yi tauri ta tsage.

Kayan aiki

Sabon oyilsil, da sabon zoben roba in babur ɗin mai bush ne. Sifana da soket daidai da notocin babur ɗin, sukundireba mai faɗin baki, filaya, ƙaramar guduma, giris kaɗan, salatif ko ’yar leda, kananzir, tsumma mai tsabta, kwanon tarar mai, da baƙin mai na ciko. Sai kuma soket ko guntun bututu wanda faɗin bakinsa ya yi daidai da gefen waje na oyilsil, da shi za a tura sabon. A nemi mutum ɗaya ya taya.

Wajen saye, a duba lambobi uku da ke rubuce a fuskar tsohon. Misali 20×34×7 na nufin ramin ciki milimita 20, faɗin waje milimita 34, kauri milimita 7. Dole sabon ya zo daidai da su ukun. Mafi sauƙi a tafi da tsohon shagon kayan babur a gwada. A duba leɓen ba tsaga, sifirin yana nan, robar tana da laushi. Araha ba ta ado: jabun oyilsil zafin injin na ’yan makonni ya ishe shi.

Yadda ake canzawa, mataki-mataki

1. A zaɓi wuri mai tsabta, inda iska ba ta kwaso ƙura. A bari injin ya huce, a zare makulli, a rufe famfon fetur.

2. A yi maganin mai. In lokacin juye ya yi, a juye shi gaba ɗaya, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. In bai yi ba, bayan an sassauta notoci a jingina babur ɗin ya karkata dama, a tokare shi da kyau, mai zai koma can gefe. Kada a kwantar da shi ƙasa sosai, ruwan batir da fetur za su iya zuba.

3. A cire murfin sifiroket. A wasu babura sai an fara cire ƙafar giya. A yi mata alama don ta koma yadda take. A wanke wurin sosai kafin a ci gaba, domin duk ƙasar da aka bari tana iya faɗawa cikin boris.

4. A sassauta abin da ke riƙe da sifiroket tun sarƙa tana kai. A sa giya, mai tayawa ya taka birkin baya. Riƙon iri-iri ne: wasu ɗan faranti ne da ƙananan notoci biyu, in an kwance su sai a ɗan juya farantin ya fito, wasu babban noti ne da wosha da aka lanƙwasa a kansa, sai an miƙe woshar, wasu noti ɗaya ne a tsakiya, wasu kuma kilif ne kawai.

5. A sassauta notin tayar baya da na jan sarƙa, a tura taya gaba, sarƙa ta saki. A zare sifiroket, a lura da fuskar da ke kallon waje. A jera duk abin da aka cire a kan tsumma bi da bi. Mai waya ya ɗauki hoto, yana taimakawa.

6. In akwai bush, a zaro shi, a ciro siririn zoben robar da ke bayansa. A lura da gefen bush ɗin da ke ciki. In akwai wani ɗan ƙarfe da aka ɗaure ya tare oyilsil, a kwance shi.

7. Kafin a taɓa tsohon oyilsil, a dubi zurfin zamansa: daidai yake da fuskar injin ko ya ɗan shiga ciki? Haka sabon zai zauna.

8. A ciro tsohon. A sa bakin sukundireba a jikinsa a ɓamɓaro a hankali, nan kaɗan can kaɗan, ana tokarawa a kan tsumma ko ɗan katako. Jikin injin alminiyam ne, ba shi da wuyar ƙwarzanewa, kuma in ramin ko shaf ya sami rauni sabon ma zai yi yoyo. In ya ƙi, a yi ƙaramar huda a tsakiyar fuskarsa, a murɗa ƙaramin sukuru ya ɗan kama, a ja da filaya. Kada sukurun ya yi zurfi, boris yana nan dab a baya. A tabbata siririn sifirin ya fito tare da shi.

9. Yanzu a yi binciken da ya fi komai muhimmanci. A kama shaf a girgiza shi sama da ƙasa. Ɗan motsin shiga da fita kan samu, amma in yana lilo gefe, ko ana jin gurzo in an juya shi, boris ya tafi. A bi wurin da leɓe ke gudu da farce. In farce yana maƙalewa a wani zane, bush ne a sayi sabo. In shaf ɗin kansa ne, a nemi bakanike ya duba. A duba tiyon numfashin injin, a busa shi a tabbata a buɗe yake.

10. A goge ramin tas. A naɗe haƙoran bakin shaf da salatif ko leda, don kada kaifinsu ya yanki sabon leɓe. A shafa giris kaɗan a leɓen da kan salatif ɗin.

11. A zura sabon: gefen da ke da rami da sifirin yana kallon cikin injin, gefen da ke da lambobi yana kallonka. A fara tura shi da yatsu ya zauna daidai ko’ina. Sai a ɗora soket ko bututun a gefensa na waje, a riƙa bugawa a hankali ana dubawa. In ya karkace, a tsaya a daidaita. Kada a buga shi da sukundireba ko guduma kai tsaye, kada kuma a tura shi ya wuce inda tsohon ya tsaya har ya taɓa boris.

12. A sa sabon zoben roba tun salatif yana nan, sannan a cire salatif ɗin. A shafa wa bush mai, a zura shi ana ɗan juyawa don kada ya naɗe leɓen ciki.

13. A duba haƙoran sifiroket. In sun yi tsini ko sun lanƙwashe kamar ƙugiya, gara a canza sarƙa da sifiroket biyun tare. A mayar da komai yadda aka same shi, a ɗaure da kyau. Ƙananan notoci ba sa son ƙarfin tsiya, suna karyewa. In mai wosha ne a sake lanƙwasa ta a kan noti. In ta gaji a sa sabuwa. In an buɗe mahaɗin sarƙa, rufaffen gefen kilif ɗinsa shi ke kallon inda sarƙa ke tafiya.

14. A miƙe babur a wuri mai daidai, a auna mai da sandar awo, a cika zuwa tsakanin alamomin biyu, kada ya haura ta sama. A mayar da murfi, a zaga, a dawo a duba. A sake dubawa washegari da kuma bayan mako guda.

Daidaita sarƙa: nan ne maganin yake

A auna sakin sarƙa a tsakiyarta ta ƙasa, tsakanin sifiroket biyu, ana ɗaga ta da yatsa ana saukewa. Ƙananan baburan aiki yawanci suna son saki na milimita 20 zuwa 30, wato kamar faɗin yatsa ɗaya da rabi. Dogayen babura masu doguwar shakazoba suna buƙatar fiye da haka. A bi abin da ke littafin babur ɗin ko takardar da aka manna a jikinsa. A juya taya a auna wurare da dama, domin tsohuwar sarƙa wani wuri ya fi wani tauri, kuma da wurin da ya fi tauri ake aiki. Alamomin jan sarƙa na hagu da dama su zo daidai, a kuma sake duba birkin baya tunda an motsa taya.

Daga nan sai gwajin manomi: a ɗora irin kayan da aka saba ɗauka, mai babur ya hau, wani ya taɓa sarƙar injin a kashe. In ta yi tauri kamar tsirkiyar baka, a ƙara sassautawa. Ko da kaya, dole a sami ɗan saki.

Lokacin da za a kai wa bakanike

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A miƙa aikin ga gwani idan shaf yana lilo, idan jikin injin ya tsage, idan ramin ya buɗe har oyilsil yana shiga ba matsi, idan babban noti ya ƙi kwantuwa, ko kuma an sa sabo daidai amma yoyo ya dawo cikin ’yan kwanaki. Akwai kuma wasu injina da oyilsil ɗinsu ta ciki ake sa shi, sai an raba injin biyu. In an ga baki a jikin ramin ya tare shi ta waje, kada a tilasta. Ko a gareji ma, mai babur ya tsaya ya ga an girgiza shaf, an duba bush, an daidaita sarƙa, ba a cusa sabo kawai a sallame shi ba.

In yoyon ya kama mutum a tsakiyar aiki ba halin gyara nan take, ya riƙa auna mai kowace safiya yana cikawa, ya rage lodi, ya goge taya. Wannan lallaɓawa ce ta ’yan kwanaki, ba gyara ba. Cusa tsumma ko shafa gam ta waje ba ya tsayar da shi.

Tsohon baƙin mai

Kada a zubar da shi a gona, ko kusa da rijiya, ko magudanar ruwa. Yana kashe ƙasa, yana gurɓata ruwa. Kada kuma a shafa wa dabba a kan ƙazuwa ko ciwo kamar yadda wasu ke yi. Akwai guba a cikinsa, dabba tana lasa, fata ma tana sha. A tara a jarka mai murfi inda yara ba sa kaiwa, a kai wa masu juyen mai.

Shawara ga ƙungiyoyin manoma

Ƙungiyar da ke da babur na haɗin gwiwa ta ɗora wa mutum ɗaya alhakinsa, da ɗan littafi da za a riƙa rubuta ranar juyen mai, ranar daidaita sarƙa da abin da aka canza. Kayan kowa da kowa shi ya fi saurin lalacewa, don kowa na zaton wani ya duba. A sayi akwatin sifana guda na ƙungiya, a ajiye oyilsil ɗaya ko biyu na irin baburan da membobi suka fi hawa, a cikin ledarsu, a inuwa.

Lokaci biyu ya fi dacewa a buɗe murfin sifiroket a duba: kafin faɗuwar damina, sa’ad da za a fara jigilar taki da iri, da kuma kafin kaka. Tsakanin nan, duk ranar da aka ratsa laka ko ciyawa mai yawa, a leƙa a cire abin da ya naɗe. Kowace safiya kuma, kafin a tayar da babur, a dubi ƙasan inda ya kwana.